Ya ake shirya bishiyoyin tsakar gida kafin zafi ya kama?

Tambaya: Jama'a, bishiyar da ba ta wuce shekara biyu da dasawa ba, me ya kamata a yi mata tun yanzu da sauran sanyi-sanyi? Ban ruwa kullum ya isa, ko sai an haɗa da taki?

Amsa ta farko: Malam, yayyafin kullum shi ke cutar da ita. Saman ƙasa kaɗai yake jiƙawa, sai saiwoyi su taru a nan, ranar da ƙasa ta ɗau zafi su ƙone. Ka ba ta lita 40 zuwa 60 a mako, kashi biyu, da sassafe, tiyo na zuba a hankali har danshi ya kai zurfin santimita 30. Soka rodi ka gani: inda ya cije, nan ruwan ya tsaya. Kuma kada ka zuba a jikin kututture. Saiwoyin da ke shan ruwa suna wajen da inuwar rassa ta ƙare. In ƙasar yumɓu ce ka rage, don ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, ganye ya yi rawaya kamar na ƙishirwa, mai ita ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan bayanin ɗan'uwa: cire ciyawar da ke gindi, ka shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 10. Amma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture. Tulin da ake jinginawa jikin bishiya yana riƙe laima, ɓawo ya ruɓe, gara ta samu hanya.

Takin zamani kuwa ka dakata. Yana fito da tofo mai laushi mai yawan buƙatar ruwa, a busasshiyar ƙasa kuma ƙona saiwa yake.

Amsa ta uku: A yi hattara da sara. Matattun rassa da masu gogar juna kaɗai za a cire, kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Ɓawon da ya saba da inuwa in aka buɗe shi ga rana tsagewa yake, galibi ta ɓangaren da ranar la'asar ke duka. Kututturen ƙaramar bishiya a shafa masa farin fenti na ruwa, rabi fenti rabi ruwa, banda mai mai. A kuma sassauta igiyar da aka ɗaure ta da turke kafin ta nutse cikin ɓawo.