Pujangga: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taimaka. Ina ɗan rubutu kan fadar Surakarta ta tsibirin Jawa a ƙasar Indonesiya, na zo kan kalmar "pujangga" sai alƙalami ya cije. Mutum ne da a zamanin da sarki ke ajiyewa a fada, yana rubuta tarihin gidan sarauta da hikayoyi da waƙoƙin tasawwufi, galibi a baitocin da ake rerawa.

Da farko na sa "mawaƙin fada", na goge. Mu in an faɗi haka, kotso da taushi kunne ke ji, da kirari da kyautar doki. Shi kuwa da takarda yake aiki. Ku dubi Yasadipura na Ɗaya, wani pujangga na fadar, wanda ya rasu a 1803. Ya tsara labarin Sayyidina Hamza cikin baitocin Jawanci a littafin Serat Menak, da hannun nan kuma ya rubuta labarin Rama, gwarzon tsoffin labaran Hindu, da na Dewa Ruci, inda jarumi Bima ya faɗa teku neman ruwan rai, ya gamu da wani ɗan mitsitsin abin bauta, ya shige cikinsa ta kunne. Mutanen fada sun karanta wannan a matsayin tafiyar muridi zuwa ma'arifa. Haka Musulunci yake yawan fitowa a littattafan nan, sufanci sanye da rigar tsoffin labaran Hindu.

Yayana ya ce in sa "magatakarda". Na ce Yaya, ai magatakarda abin da sarki ya faɗa yake rubutawa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "malamin fada". Ya yi kusa, don Ranggawarsita, tattaɓa-kunnen Yasadipura, wanda ake kira pujangga na ƙarshe, ya yi almajiranci a Tegalsari, a irin tsangayar da su ke kira pesantren. Amma kun san yadda "malaman fada" ke fita daga bakinmu: mai halasta wa sarki abin da ransa ke so. Ba zan jingina wa mamaci wannan ba.

Ni dai na tsaya a kan "fasihin fada", jam'insa "fasihan fada". Fasihi ya ɗauki baiti, ya ɗauki ilimi, babu ganga babu zagi. Inda ya gaza ɗaya ne: Jawawa na ganin pujangga yana da hangen gaba, har ana cewa Ranggawarsita ya ambaci ranar rasuwarsa a waƙa kafin ta zo a 1873. Wanda yake da kalmar da za ta kwaso har wannan, bismillah, ya ajiye ta a ƙasa.