Neman Shawara Kan Ɗalibar Da Nake Zargin Tana Da Matsalar Ji

Wata malamar firamare:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da iyaye. Ina koyarwa a aji huɗu na wata firamare ta gwamnati, kuma akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara tara da al'amarinta ya tsaya mini a rai. Idan na yi rubutu a allo tana kwafewa tsaf, lissafinta ma ba laifi, amma da zarar an zo shifta ko na yi tambaya da baki, sai ta yi zuru tana kallon bakina, ko ta leƙa littafin ta kusa da ita. Na lura tana karkato da kunnenta na dama idan ana magana, kuma in aka kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Mahaifiyarta ta shaida mini cewa kunnen hagun yana zubar da ruwa tun bayan da ta yi ƙyanda, shi kuwa mahaifin yana ganin taurin kai ne kawai, har ana dukanta a kan ƙin amsa kira. Me ya kamata in yi, alhali ajin a cike yake maƙil?

Wani ma'aikacin jinya a sashen kunne:

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko shi ne a kai ta asibiti a duba kunnen, a kuma yi mata gwajin ji, domin raunin ji iri-iri ne. Akwai wanda ke faruwa saboda sauti ya kasa wucewa, kamar idan datti ya toshe kunne ko dodon kunne ya huje, kuma irin wannan yakan yi sauƙi da magani ko tiyata. Akwai kuma wanda ke shafar can cikin kunne da jijiyar ji, wanda sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a jarirai, ko wasu allurai kamar gentamicin ke jawowa. Wannan ba ya warkewa, sai dai a taimaka da na'urar ji. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ya fi kama da na farkon, amma ba abin wasa ba ne, domin ciwon yana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa. A gargaɗi uwar kada ta ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunnen, kada a sa tsinke ko gashin kaza, kuma a kiyaye shigar ruwa lokacin wanka. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na matsalar a yara ana iya kauce mata.

Wani mahaifi:

Ni a ganina, Malama, gara a mayar da ita makarantar masu buƙata ta musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, inda za ta koyi maganar hannu tare da ire-irenta.

Wata malamar ilimi na musamman:

Alhaji, ka yi haƙuri, ban goyi bayan a yi gaggawar hakan ba. Maganar hannu harshe ne cikakke, kuma makarantun nan rahama ne ga yaron da ba ya ji ko kaɗan, amma yarinyar da take magana, take kuma ji da kunne guda, tana iya ci gaba a ajinta idan aka gyara wasu abubuwa, sai fa in gwaji ya nuna akasin haka.

Malama, ki dawo da ita layin gaba, ta ɓangaren hagunta idan ta fuskanci allo, yadda kunnen dama zai kasance wajen da kike tsayawa da kuma sauran aji. Ki daina bayani kina rubutu kin juya baya, kuma kada ki tsaya a bakin taga, domin haske zai duhunta fuskarki alhali da leɓɓanki take dogaro. Sai dai karanta leɓe ba ya wadatarwa: ki faɗi "baki" da "maki" a gaban madubi ba tare da sauti ba, za ki ga motsin ɗaya ne, haka kuma k da ƙ da g ba a ganin su sam. Saboda haka a shifta ki riƙa sa kowace kalma cikin jimla, sababbin kalmomi kuwa ki rubuta su a allo kafin darasi. Yin ihu ba ya ƙara fahimta, yana ma gurɓata sautin. Idan ba ta gane ba, ki sauya kalmomin maimakon maimaita su da tsawa. In wani ɗalibi ya ba da amsa daga baya, ki maimaita ta. Kada kuma ki tsaya kan "kin gane?", domin irin waɗannan yara sun saba gyaɗa kai don kunya, ki sa ta faɗa miki abin da za a yi. Ranar da ruwa ke dukan kwano, ko ajin maƙwabta na karatu da ƙarfi, ki ɗauka cewa rabin maganarki ba ya isa gare ta, kuma kasalar da za ki gani wajen tashi gajiyar sauraro ce.

Malamar da ta yi tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sauya wurin zama abu ne da zan yi gobe in sha Allah. Abin da ya rage shi ne mahaifin, domin ba za a je asibiti ba sai da izininsa.

Wani tsohon hedimasta:

'Yata, kada ki aika masa saƙo ta bakin yarinyar ko uwarta, zai ga kamar an kai ƙararsa ne. Ki sa hedimasta ya gayyace shi da mutunci, a fara nuna masa littafin lissafinta ya ga ƙoƙarinta, sannan a bar shi ya tsaya bayanta ta hagu ya kira ta a hankali, ya sake ta dama. Uban da ya ga bambancin da idonsa ba ya buƙatar dogon wa'azi. A kauce wa kiran ta kurma a gabansa ko a gaban yara, a ce kunnenta ne ke ciwo kuma likita yana iya taimakawa. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018 a Najeriya, amma ban ba ki shawarar ki fara da maganar doka ba. Idan kuɗin mota ko na kati ne cikas, a kai batun gaban kwamitin iyaye da malamai, kuma a nemi likita ya rubuto sakamakon gwajin a takarda domin a ajiye a fayil ɗinta, malamin aji biyar ya tarar da shi.