Mutum tara yake, bai cika goma ba: wa ya kamata ya faɗe ta?

Makaniken Suame: Jama'a, barkanku da yamma. Jiya yarona a gareji ya gyara wa wani direban trotro (motar haya) birki, bai matse noti ɗaya ba, motar ta dawo tana ƙara. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Maigida, ai mutum tara yake, bai cika goma ba." Raina ya ɓaci sosai. Haka ake amfani da maganar nan?

Inna ta Aboabo: A'a, ɗana. Wanda aka ɓata wa ne yake faɗinta, don ya sanyaya zuciyarsa ya yafe. In mai laifi ya riga ka faɗa, ya mai da ita bargon rufa.

Ɗan Asawase: Gaskiyarki, Inna. Amma ni ɗayan nan da ya rage shi ya kai ni gaban Allah. Na yi shekaru ina zuwa coci ran Lahadi da farar riga a goge, alhali ni da ƙanena ba ma ko gaisawa saboda bashi. In na durƙusa, sai in jera wa Allah kirkina. Ranar da na kasa, na ce, "Ubangiji, ina ƙin ɗan'uwana, ban iya dainawa ba," ranar na fara addu'a ta gaske. Manzo Bulus ma sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Yana nan a 2 Korintiyawa sura 12.

Malama daga Tafo: Yayana, ban yarda duka ba. A Matiyu 5:48 Yesu ya ce mu zama cikakku kamar Ubanmu na sama. Ina tsoron matasa su ji ka, su miƙe ƙafa a kan tara.

Ɗan Asawase: Tsoronki yana kan hanya, ƙanwata. Sai dai ki koma aya ta 44: ƙaunar maƙiyi ake magana. Wa zai iya wannan da ƙarfin kansa? A Luka 18, Bafarisiye, wato mai tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, ya shiga Haikali yana lissafin azuminsa da zakkarsa, shi a ganinsa goma yake. Mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji, ko ɗaga ido bai yi ba, kuma shi ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah. Bai ce "haka nake" ba, jinƙai ya roƙa.

Inna ta Aboabo: To, ka je wurin ƙanen naka?

Ɗan Asawase: Na je, Inna. Sai a zuwa na biyu ya buɗe min ƙofa.

Makaniken Suame: Yau da safe yaron ya zo da kansa, ya ce waya yake dannawa lokacin aikin. Na miƙa masa sifana, na tsaya a kansa har ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.