Me za mu kira "camming" da Hausa? Kada dai a ce mini "kamin"

Malamai da masu fassara, ga wata ta taso. Ina rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa kan binciken da masana halayyar zaman jama'a suka yi a kan mutanen da ke samun abinci ta hanyar nuna tsiraici ko wasan batsa kai tsaye a gaban kyamarar intanet, masu kallo suna biya. Turawa na ce wa sana'ar camming, mai yin ta kuma webcam model. Tun layin farko na cije.

Hanyar da muka saba, a ɗauko kalma a sa mata rigar Hausa, ta ƙi. Camming zai koma "kamin", wato kafin. Cam kuma zai koma "kam". Ku karanta "'yar kam" da ƙarfi ku ji: sai ka ce mutum ya fara magana ya manta ƙarshenta.

Wanda na fara tuntuɓa bai yi wata-wata ba, ya ce "karuwar intanet". Gajera ce, kowa zai gane, amma ban ɗauka ba. Karuwanci a kunnen Bahaushe haɗuwar jiki ne, su kuwa waɗannan akasari tsakaninsu da mai kallo sai allo, wata yana wata nahiya ma. Sannan ba mata kaɗai ba ne. Angela Jones, masaniyar da ta fitar da littafi sukutum kan sana'ar a 2020 a madaba'ar Jami'ar New York, ta haɗa da maza da masu sauya jinsi cikin waɗanda ta yi nazari. Babban dalilina kuwa, kalmar ta riga ta yanke hukunci. Mai bincike tambayarsa awa nawa ake yi, nawa ake samu, wa ke yankar kasonsa. Da ka ce karuwa, mai karatu ya rufe wannan babin, ya buɗe na wa'azi. Wa'azin yana da wurinsa, mai so ya yi a sakin layi na gaba, amma suna ya faɗi abin da ake yi tukuna.

Su ma Turawan sun sha wannan rigima. Wata 'yar fafutuka a Amurka, Carol Leigh, ita ta ƙirƙiro sex work a ƙarshen shekarun 1970 don a iya maganar abin a matsayin aiki, kuma har yau akwai masana da ba su yarda da kalmar ba.

Sai wata ta kawo "mai zaman kanta", wai ya fi laushi. Nan na yi dariya, don binciken kansa ya ƙaryata sunan. A Romaniya da Kolombiya, da yawa ba daga ɗakinsu suke yi ba. Akwai gidajen sana'ar, situdiyo, masu ba da ɗaki da fitila da intanet, a yi aiki karɓa-karɓa kamar masaƙa. Shafin intanet da ake wasan a kai ya cire nasa kason, mai gida ya cire nasa, ragowar ita ce ta mai wasan. A Disamba 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan irin waɗannan gidaje a biranen Bogota, Medellin, Cali da Palmira na Kolombiya: dogon aiki ba hutu, ɗakuna marasa tsafta, tara a kan ƙananan laifuka, ga asusun shafin a hannun mai gida, ta yadda in ta tafi ta bar mabiyan da ta tara. Tun 2021 ma Kotun Tsarin Mulkin Kolombiya ta yi hukunci a shari'ar wata da aka sallama tana da juna biyu, ta ce ma'aikaciya ce mai haƙƙin ma'aikata. Wannan ce mai zaman kanta?

"'Yar fim ɗin batsa" ma bai zauna ba. Fim an ɗauka an gama. Wannan kai tsaye ne, kuma hira ta ci kaso babba na aikin: tuna sunan mai kallo, tambayarsa ya gajiya, yi masa dariya ko ran a ɓace. Masana na aro kalmar da Arlie Hochschild ta kawo a 1983, lokacin da ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama, emotional labour, wato nuna fara'a don aiki ya buƙata. Ni "fara'ar haya" nake ce mata, ina kuma jin ta zauna daram.

To ga inda na tsaya. Sana'ar: batsar gaban kyamara. Masu yi: 'yar gaban kyamara, ɗan gaban kyamara, 'yan gaban kyamara. Na san za a ce mai karanta labarai ma a gaban kyamara yake. Gaskiya ne, shi ya sa a ambaton farko za a rubuta cikakke da "batsa" a ciki, daga nan a taƙaita. "Ma'aikaciyar kyamara" na jefar tun da wuri, wannan mai ɗaukar hoto ce.

Ƙananan kalmomin ba su ba ni wahala ba. Kuɗin da masu kallo ke jefawa ana cikin wasa, tip, muna da "liƙi", ba sai an ƙirƙiro komai ba. Token kuwa, abin da masu kallo ke saya a shafi don yin liƙin, "kuɗin shafi": a Chaturbate, ɗaya daga cikin shafukan sana'ar, kowane ɗaya sent 5 na dalar Amurka ne a hannun mai wasa, alhali mai saye kan biya kusan ninki biyu. Tsarin da ke tura wata shafin farko ya binne wata a can ƙasa, wanda Niels van Doorn da Olav Velthuis na Jami'ar Amsterdam suka yi rubutu a kai a 2018, na sa masa "jeren shafi".

Ɗaya ce ta rage. A gidajen Kolombiya akwai wanda ake kira monitor: yana zaune a wani ɗaki yana kallon allo, yana fassara saƙonnin baƙi, yana ba da umarni. An ce in sa "kawali", na ga mun koma gidan jiya. "Mai sa ido" kuma ya bar fassarar da umarnin a waje. Malamai, me kuka gani?