Ta yaya jirgin yaƙi ke sauka a kan jirgin ruwa?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum. Titin filin jirgin saman Kaduna ya kai kilomita 3, amma jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi, samfurin Nimitz, tsawonsa duka mita 333 ne. Ta yaya jirgin yaƙi F/A-18 ke tashi ya sauka a kansa? Kuma JF-17, jirgin yaƙinmu na Najeriya, zai iya?

Injiniya, Barnawa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tashi dai harba shi ake yi, kamar dutse a danƙo. Akwai sanda a ƙafarsa ta gaba da ake maƙalawa a wani ƙarfe mai gudu a kan layi. Wani ƙarfen kuma ya riƙe shi ta baya har injin ya kure ƙarfinsa, sannan a saki tururin da ke tura ƙarfen gaban. Cikin daƙiƙa 2 ya haura gudun kilomita 250 a awa. Jirgin ruwan ma iska yake fuskanta da gudu don fukafukai su samu. Kafin harbi sai an nuna wa matuƙi nauyin jirginsa a allo ya tabbatar, domin in tururin ya gaza nauyin, teku zai faɗa. Jirgin ruwan Amurka mai suna Gerald Ford kuwa da lantarki yake harbawa.

Malam na Tudun Wada:
Injiniya ya yi bayani, amma ni a ganina saukar ce aikin. Wayoyin ƙarfe uku ko huɗu ne shimfiɗe a kan dandamalin, jirgin kuma da ƙugiya a wutsiyarsa. Ba a lallaɓawa kamar jirgin fasinja, buga shi ake yi ƙasa. Da tayoyi sun taɓa, matuƙi zai ƙara wuta gaba ɗaya. In ƙugiya ta kama, wayar ta tsayar da shi cikin mita 100 ko kusa da haka. In ta kuskure, ya tashi ya sake zagayowa. Shi ya sa aka karkata titin saukar gefe, kada ya afka wa jiragen da ke gaba. Tsinkewar waya ce babbar masifa. A Disamban 2016 haka jirgin yaƙi Su-33 na Rasha ya zame daga jirgin ruwansu Admiral Kuznetsov ya faɗa Bahar Rum, matuƙin ya tsira.

Injiniya, Barnawa:
Na manta JF-17. Ba zai iya ba. Ƙafafunsa ba za su ɗauki wannan duka ba, kuma ba shi da sandar harbi. Faransa ma sai da ta ƙera jirgin yaƙi Rafale M daban saboda jirgin ruwanta Charles de Gaulle.