Musayar Baitoci Kan Resilin: Shiri Ne Ko Jarumta?

Kawu na Jekadafari:
Assalamu alaikum. Ga baitoci 'yan ƙwar huɗu a kan resilin, wato kokawar Turawa irin ta kamfanin WWE na Amurka, amsa-amonsu "wa". Duk wanda zai amsa ina roƙon ya riƙe wannan amsa-amo.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Mai ba da ƙarfi ga wanda ya dace,
Shi ya san zuciya da abin da ta ce,
Gare shi ne dukkanmu muke komawa.

Samarin Gombe, ina da tambaya
Game da resilin da kuke bi da soyayya,
Ku hana ido barci har dare ya kai tsakiya,
Kuna zaune kuna jiran ganin mai faɗuwa.

Tun 1989 masu kamfanin da kansu
Suka je majalisar Niyu Jasi a ƙasarsu,
Suka ce nishaɗi ne kawai sana'arsu,
Ba gasa ba ce da ake yin fafatawa.

Burinsu shi ne hukumar da ke kula da wasa
Ta ɗauke musu haraji da dokokin gasa.
To in mai abu ya faɗa a gaban manyan ƙasa,
Mene ne saura na gardama da musantawa?

An zaɓi gwani tun ba a shiga fage ba,
Alƙali ba zai ƙirga uku da son ransa ba,
Kambun da aka miƙa maka ba kai ka ƙwato ba,
Ina jarumtar da kuke ta yabawa?

Ni kokawar da na sani ita ce ta kaka,
Bayan an girbe dukkan abin da aka shuka,
Makaɗa su zuga gwani, ya rungumi ƙato ya ɗauka,
Ba mai sanin mai kaye sai an gama karawa.

Ɗan Bolari:

Kawu, na gaishe ka da ladabi da biyayya,
Batun shiri da ka kawo ba shi da jayayya,
Mu ma da muke kallo mun san wannan gaskiya,
Amma akwai sauran zance da ke son dubawa.

Alƙalami yana iya rubuta wanda zai ci,
Ba ya iya rage wa ƙashin baya raɗaɗi da ɗaci,
Katako da ƙarfe ke ƙarƙashinsu kowane lokaci,
A kansu ake maka mutum ba sassautawa.

A 1998 Foli ya hau rufin keji,
Andateka ya wurgo shi, duniya ta gani ta ji,
Ya faɗo bisa teburin masu sharhi, wannan namiji,
Kafaɗa ta goce, amma ya ƙi tsayawa.

An ɗora shi a gadon jinya don ya je ya huta,
Ya diro ya sake hawan kejin, kafaɗa yana jan ta,
Rufin ya burma da shi, har haƙorinsa ya fita,
Wane marubuci ke rage zafin wannan faɗowa?

Owen Hat kuwa a 1999 ya faɗo daga sama,
Maɗaurinsa ya saki, babu abin da zai kama,
A gaban dubban jama'a likitoci suka yi ta fama,
Rai ya yi halinsa, wannan ba a shiryawa.

Kodi ma a 2022 ya shigo fage
Naman ƙirjinsa daga ƙashi ya yage,
Gefe guda ya yi baƙi da taruwar jini, ya dage,
Ya kara da Rolins har zuwa kammalawa.

Kawu na Jekadafari:

Ɗana, ban ce jikinsu ba ya jin ciwo ba,
Kuma ban raina wanda ya rasa ransa ba,
Sai dai wahala ba ta taɓa zama shaidar gasa ba,
Mai haƙar rijiya ma yana jigatuwa.

Malama 'Yar Kumo:

Kawu, da izininka zan sa baki,
Ni labarin ne yake ba ni mamaki,
Yadda ake gina shi shekara da shekaru daki-daki,
Har zuciyar mai kallo ta kasa ficewa.

Andateka ya shiga babban bikin shekara, WrestleMania, tun 1991,
Ya yi nasara sau 21 a jere ba ja da baya,
In an kashe fitilu, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya,
Sai gidan kallo ya yi tsit, ba mai motsawa.

A 2014 aka katse jerin, Lesna ne aka ba nasara,
Mutumin da tuni sunansa ya shahara.
Da an ba wani matashi mai tasowa da basira,
Da ya ci moriyarta har ƙarshen rayuwa.

Shi ya sa, Kawu, sanin cewa shiri ne
Bai rage mini zafi ba, a gare ni ƙari ne,
Kaye a kokawa ƙaddara ce, ikon Allah ne,
Wannan kuwa wasu ne suka zauna wajen yankewa.

Dubi Kofi, haifaffen Kumasi ta ƙasar Gana,
Shekara 11 yana yi wa kamfanin aiki dare da rana,
A 2019 ya ɗaga kambun WWE, muka yi ta murna,
Haifaffen Afirka na farko da ya kai ga ɗagawa.

Wata shida kacal aka haɗa shi da Lesna,
Cikin 'yan daƙiƙu aka karɓe, zuciya na ƙuna,
Ba a ba shi damar ramawa a kansa ba ko wata rana,
Wannan rashin adalci ne daga masu tsarawa.

Ɗan Bolari:

Yaya, kan Kofi ina bayanki ɗari bisa ɗari,
Amma batun Lesna ina ganin an yi shi da tsari,
Ya riƙe kambun UFC, inda faɗa ba shi da shiri,
Shi za a ce ya kayar a yarda ba musawa.

Da yaro aka ba, da jama'a sun tsane shi,
Nauyin wannan tarihi da ya danne shi.
Ki tuna Roman, shekaru ana yi masa ihu ana ƙin shi,
Sai da ya zama mugu a 2020 ya sami karɓuwa.

Daga nan ya riƙe kambu har kwana 1,316,
'Yan uwansa na dangi suna tare masa faɗa,
Sai a 2024 Kodi ya kai shi ƙasa aka shaida,
Filadelfiya ta ɗauki sowa da tafawa.

Alhaji na Herwagana:

'Ya'yana, ku bar tsoho ya tuna muku baya,
Kafin Hogan, Pawa Maik muka sani a Najeriya,
Zakaran Afirka ne, a 1976 ya yi ritaya,
Ya koma gayyato na waje su zo nan su yi karawa.

A kaset ɗin bidiyo muka ga wasan 1987,
Hogan ya ɗaga Andire, ƙaton Faransa, shi kaɗai,
Ya maka shi da ƙasa, muka miƙe tsaye hannu a kai,
Da yardar Andire ne, amma nauyin ba a ragewa.

Yau ga Omos ɗan Legas, ƙafa 7 da inci 3,
Ga Oba Femi, shi ma ɗan Legas ne, tsaranku,
Gwanin jifan ƙwallon ƙarfe ne a da, in faɗa muku,
A 2025 kambun NXT, reshen masu tasowa na WWE, ya kai ga ɗaukewa.

Abin da na gane bayan shekaru ina kallo,
Sana'ar ba irin dambe ba ce ko ƙwallo,
Amana ce, ka miƙa wuyanka ga wanda ya san salo,
Ya juya ka a sama, ya dire ka ba karyewa.

Kawu na Jekadafari:

Alhaji, batun amana ya shige ni ƙwarai,
Na yarda gwanaye ne masu sayar da rai,
Amma sunan zakara ban ba su ba tukuna, sai dai
In kira su 'yan wasa masu iya burgewa.

Ku dubi Nijar, tun 1975 suke gasar takobi,
Jihohi 8 su kawo gwanayensu bi da bi,
Rediyo da talabijin su ɗauka, talaka da sarki na bi,
Ba marubuci, ga fili kuma yana cikowa.

Mu a Gombe muna da filin wasa a Pantami,
Muna da ƙarti a Dukku da Nafaɗa da Kwami,
Saura mai ɗaukar nauyi da mai tsari da ilimi,
Su sa kyauta mai tsoka, a riƙa nunawa.

Ɗan Bolari:

Kawu, ranar da aka buga gangar zan zo da abokai,
Amma a koyi abu daga masu resilin, ba kuɗi kawai,
Sukan sanar da kai tarihin ɗan wasa sarai,
Garinsu, da wanda ya kayar, da dalilin karawa.

In yaro ya san ƙaton Kwami da sunan ubangidansa,
Ya san wanda ya kai shi ƙasa bara a gaban makaɗinsa,
Zai biya kuɗin ƙofa ya zo ya ga ramuwarsa,
Yadda yake biya a gidan kallo ba fasawa.

Malama 'Yar Kumo:

Ƙanena, ban bar batun Andateka ba tukuna,
Ka ce babu matashin da zai ɗauka, to ga suna,
Biray Wayat, mai fitila a hannu, duhu ya rufe ko'ina,
'Yan kallo su kunna hasken waya suna kaɗawa.

Ya iya magana, ya iya dasa tsoro a zukata,
Irin siffar da Andateka ya daɗe yana raya ta,
An haɗa su a 2015, bayan darajar ta riga ta fita,
Nan ma shi ɗin aka sa ya yi faɗuwa.

Ya rasu a 2023 yana da shekara 36,
Ba a ba shi wannan gado ba, kowa ya shaida.
Da shi aka ba a 2014, da ni ma na yarda,
Don Lesna ko babu wannan nasara yana da masu yabawa.