Wayar ɗumama ƙasa a kan tsohon tayil: dole sai na fasa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Surukata ta dawo wurinmu da zama, ga ciwon gwiwa, ɗakinta kuwa kankare ne da tayil, sanyinsa har ƙashi. Maigida ya ce kafet ya isa, ita ta ce kafet na sa ta tari, ni ce a tsakiya. Na riga na sayo tabarmar wayar lantarki mai wat 150 a kowace murabba'in mita. Zan iya shimfiɗa ta kan tayil ɗin in ɗora sabo?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya, zai yiwu, amma ina allon tare zafi? In babu shi kankaren ne zai shanye ɗumin, mita na gudu, ƙafa na sanyi. A bi tayil ɗin ana ƙwanƙwasawa da gindin sukudireba, wanda ya yi ƙarar holoƙo a cire a cike gurbinsa. A wanke maiƙo, a shafa ruwan da ke sa gam ya kama. Sai allo mai kaurin milimita 6 ko 10, sai waya, sai gam mai jure zafi. Ragar tabarmar ake yankawa, ba a taɓa wayar. A gwada ta kafin a rufe da kuma bayan an rufe.

Baban Gida: Ki fasa duka ki huta. Ni mai tayil ɗina da cokalin gini ya datse wayar, ya rufe abinsa ya yi gum. Yau ko ɗumi babu, lambarsa ma ba ta shiga.

Maman Biyu: Fashe-fashe da tsohuwa a gida? Allon kuma tudu zai ƙara, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wanda ya sayar min ya ce ba dole ba ne.

Injiniya: Shi zai biya kuɗin wutar? Ƙofa kafinta zai rage mata. Ba ki ma faɗi girman ɗakin ba. In murabba'in mita 12 za a rufe, wat 1,800 ke nan, sai ƙwararren mai wayarin ya haɗa, da makatsar kariya ta RCD mai miliamp 30.

Uwargida: 'Yar'uwa, tudun bakin ƙofa fa? Mai ciwon gwiwa tuntuɓe za ta yi. Ki sai mata hita kawai.

Maman Biyu: Hita na sa ta ciwon kai. Injiniya, in aka bar allon aka sa gam da kauri fa?